Gidajen Silima na Da da Mutanen da Suka Ci Abinci a Cikinsu

Duk mutumin Kano da ke zaune a nan Kurudu ya san Wapa. Ka tambayi yaro ɗan shekara ashirin mece ce Wapa, zai ce maka wurin 'yan canji ne a Fagge, inda ake sayar da Dala da Riyal. Bai yi ƙarya ba. Amma ka tambayi dattijon da ya haura sittin, sai ka ga ya yi murmushi tukuna kafin ya ba ka amsa, don shi a wurinsa Wapa gidan silima ne. Sunan ma daga West African Pilgrims Association ya samo asali, wadda ta yi harkar jigilar alhazai. Silima ta tafi, suna ya zauna. Haka Plaza, haka Orion, haka Eldorado. Yau kwatance kawai ake yi da su, direba ya tsaya ya sauke fasinja, ba tare da ya san abin da ya sa wurin ya ci wannan suna ba.

Mu a Kurudu ba mu gaji irin waɗannan gine-gine ba. An kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya ne a watan Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, gwamnati kuma ba ta taso daga Legas gaba ɗaya ba sai a Disambar 1991. Lokacin da Abuja ke tasowa, silimar da iyayenmu suka sani tana kan gargara. Abin da muka gada shi ne mutanen: waɗanda suka yi kallo, da waɗanda suka yi aiki a ciki, suka taso daga Kano da Zariya da Kaduna da Jos suka zo nan neman abinci. Tarihin nasu ne, kuma akwai darasi a cikinsa da ya shafi unguwarmu kai tsaye.

Majigi ya riga silima

An fara haska fim a Najeriya a Legas cikin watan Agustan 1903, a ɗakin taro na Glover, shekarar da Turawa suka ci Kano da yaƙi. Amma yawancin mutanen Arewa ba a cikin gini suka fara ganin hoto mai motsi ba. A fili suka gan shi, ta hanyar majigi.

Majigi na gwamnati ne. Wani jami'in lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas wajen ƙarshen shekarun 1920 don nuna wa mutane yadda ɓera ke yaɗa annoba, daga baya kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman mai shirya wa ƙasashen da take mulka finafinai. Mota ce za ta shigo gari da injinta da janaretonta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a yi shela, bayan sallar isha'i jama'a su taru. Ba a biyan ko anini. Za a nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa, da tsabtar rijiya, da allurar rigakafi, da rangadin manya. Dattawa har gobe suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da manoma.

Tun a nan aka fara samun sana'a. Akwai direba, akwai mai kula da inji, akwai kuma mai fassara da ke riƙe da lasifika yana bayyana wa jama'a abin da suke gani. Shi ne gishirin majigi. In ya iya baki, fim ɗin takin zamani ma sai a yi ta dariya har a watse. In bai iya ba, yara su fara jifan juna da ƙasa.

Majigi bai sha tsangwama sosai ba, don da izinin sarki yake zuwa, a fili ake yin sa, mata da yara da malamai kowa na gani. Silimar kuɗi ce ta zo da rigima.

A bayan ganuwa

Gidan silima na farko da aka gina a Kano shi ne Rex, a 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka kawo harkar, kuma su suka riƙe ta shekaru da dama. Ba a cikin birni aka gina Rex ba, sai a waje, ta ɓangaren Sabon Gari, unguwar da ta tashi bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Wuri ne marar rufi, da mashaya a jikinsa, kuma a tsarin farko an raba darare: wasu na Turawa da Larabawa, wasu na baƙar fata.

Wannan mafari shi ya shafa wa silima baƙin fenti da ba ta taɓa wankewa ba. A idon mutumin birni, abu ne na Nasara, a unguwar baƙi, kusa da giya, kuma da dare. Wasu ma dodon bango suke ce mata. Malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncin hoton da ke motsi yana magana. Matar aure ba ta zuwa, budurwar kirki ba ta zuwa, wadda duk aka gani a ciki an gama yanke mata hukunci. Yaro kuwa in ya je, sai dai ya saci jiki, ya dawo ya haura katanga.

Duk da haka gidajen suka yi ta ƙaruwa, don masu zagin da rana, da yawansu su ne masu layin tikiti da dare. A farkon shekarun 1950 aka yi abin da ba a taɓa yi ba, aka gina Palace a cikin birni, a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi. Mutanen gari suka ƙi, matasa suka riƙa jifan masu zuwa kallo, har sai da hukuma ta sa baki. Palace ta yi zamaninta, daga baya aka mayar da ginin asibiti. Sauran gidajen duk a waje suka tsaya ko a bakin ganuwa: Wapa da Plaza a Fagge, Orion a Ƙofar Wambai, Eldorado ta wajen Sabon Gari, sai Marhaba da ta zo daga baya a Farm Centre. Ka duba taswirar gidajen nan, za ka ga yadda Kano ta ɗauki silima: tana so, amma ba ta yarda ta kwana da ita a ɗaki ɗaya ba.

Ranar 13 ga Mayu, 1951

Ba a maganar silima a Kano a tsallake El Duniya. Ita mai rufi ce, ba kamar Rex ba. A wannan rana ana cikin kallo wuta ta tashi daga ɗakin haska fim, ta bi rufi, ta mamaye ginin. Mutanen da ke ciki sun kai wajen 600. Mutum 331 suka rasu, galibinsu matasa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Gari ya ɗauki zance. Da yawa suka ce azaba ce Allah Ya saukar a kan masu saɓo, jita-jita iri-iri ta bazu a kan fim ɗin da ake nunawa. Binciken da gwamnati ta yi kuwa ya nuna cewa fim ɗin kansa ne ya kama da wuta.

Abin da ya sa haka shi ne, finafinan wancan zamani da wani sinadari ake yin su mai suna naitiret, ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. Zafi kaɗan ya ishe shi ya kama. In ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi, don shi ke samar wa kansa iskar da wuta ke ci, ko a cikin bokiti ka tsoma shi zai iya ci gaba da ci, ga hayaƙi mai guba. To wannan abu ne ake zarewa a gaban fitila mai tsananin zafi, a ƙaramin ɗaki, ga wasu naɗe-naɗen a ajiye a gefe. A daidai shekarun nan ne kamfanonin duniya suka daina yin irin wannan fim suka koma wanda ba ya kamawa da sauƙi, amma tsofaffin kwafi sun ci gaba da yawo, kuma ƙasashe irin namu ake turo wa tsofaffin.

Mutuwa dai da ajali take, babu mai ja. Amma sababi ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da ɗan'adam ke da ikon gyarawa.

Mai haska fim

Mai kallo bango yake gani. Bai san abin da ke gudana a ɗan ɗakin nan na sama ba, inda haske ke fitowa ta ƙaramar taga. A nan ne ainihin gwanin gidan yake.

Fim na zuwa ne a cikin gwangwanaye, naɗi-naɗi. Faɗinsa milimita 35, kuma hoto 24 ke wucewa ta gaban fitila a kowace daƙiƙa. Naɗi ɗaya ba ya wuce minti ashirin. Ka lissafa fim ɗin Indiya mai awa uku, ka ga aƙalla naɗi tara ke nan. Shi ya sa gidan da ya amsa sunansa yake da inji biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na jira da naɗi na gaba a ɗaure. In naɗi ya kusa ƙarewa, wani ɗan ɗigo zai bayyana a kusurwar sama ta hannun dama. Ɗigo na farko, mai haskawa ya tayar da inji na biyu. Ɗigo na biyu, ya sauya haske da sauti a lokaci guda. In ya ƙware, ba wanda zai san an yi canji. In ya yi gyangyaɗi, sai bango ya yi fari fat, nan take ihu da fito da zagi su tashi, har da na iyaye.

Fitilar ma ba ƙwai ba ce irin na gida. Sanduna biyu ne na gawayi, wutar lantarki na tsalle a tsakaninsu tana ba da haske mai kashe ido. Sandunan suna cinyewa a hankali, dole a riƙa lura da tazararsu, a sauya su in sun ƙare. Ɗakin zafi kamar gidan burodi, ballantana a watan Afrilu.

Sannan ga tsinkewa. Kwafin da ya iso Kano ya riga ya sha yawo a garuruwa, ya ƙoƙe, ramukan gefensa sun yayyage. In ya tsinke ana tsakiyar kallo, mai haskawa zai yanke wurin da ya lalace, ya kankare baki, ya shafa gam ya haɗa, jama'a na ƙasa suna buga benci. Kowane gyara yana cin ɗan yanki. Shi ya sa tsohon fim za ka ga jarumi ya ɗaga hannu zai kai naushi, kafin ka ƙifta ido bos na ƙasa. Bayan an tashi kuma ba tafiya gida zai yi ba, sai ya mayar da kowane naɗi farkonsa, ya duba shi da yatsa, ya share inji ya sa mai.

Ba makaranta ake zuwa a koyi wannan aiki ba. Yaro ne zai fara da shara da ɗaukar gwangwani, a bar shi ya riƙa mayar da naɗi, sannan a yarda ya taɓa inji. Kamar dai koyon kanikanci ko ɗinki, sai an yi shekaru a ƙarƙashin maigida. Mutum ne da ya san lantarki, ya san inji, ya san sauti. Amma in ya je neman aure aka tambayi sana'arsa, sau da yawa sai an yi kwana-kwana, don “ɗan silima” ba yabo ba ne a wancan lokaci.

Sauran ma'aikata

Bayan shi akwai mai sayar da tikiti a bayan 'yar taga, wanda dole lissafinsa ya daidaita da yawan guntayen tikitin da mai ƙofa ya yaga, in an samu giɓi a albashinsa za a cire. Akwai masu tsaron ƙofa, waɗanda akan zaɓo ƙarfafa, don ranar sabon fim turereniya ake yi, ga 'yan daba masu son shiga kyauta, ga yara masu hawa katanga da bishiya. Akwai mai liƙa fasta, wanda zai zaga gari da allo a kan keke ko a kafaɗa don a san fim ɗin yau. A inda gidaje biyu ke raba kwafi ɗaya a dare guda, akwai yaron da aikinsa shi ne ya ɗauki naɗin da aka gama nan ya ruga da shi can a kan keke. In taya ta yi faci, ɗaruruwan mutane ne za su zauna jiransa.

A waje kuma wata kasuwa ce ke ci: mai tsire, mai shayi, mai rake, mai gyaɗa, mai taba da goro, mai ajiyar kekuna. Gidan silima ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa waɗanda masu su ba su taɓa leƙa ciki ba.

Da yake yawancin gidajen ba su da rufi, sai duhu ya yi ake farawa. Kujerun baya sun fi tsada, bencin gaba na masu ƙaramin ƙarfi ne, su ne kuma masu surutu. Da damina in hadari ya taso, mai gida da mai kallo duk sama suke duba.

Zamanin Indiya

Da farko finafinan Amurka da Ingila ake kawowa, na kaboyi da na yaƙi. Daga shekarun 1950 Kwarori suka fara gwada na Indiya, sai abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ba a jin yaren, amma ana gane labarin: auren dole, biyayyar iyaye, talaka da mai kuɗi, kunya tsakanin saurayi da budurwa. Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi, haka Sholay na 1975. Masu kallo suka raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Sai ga 'yan Canis da su Bruce Lee a shekarun 1970, yara suka cika unguwa da tsalle-tsalle. Har zuwa shekarun 1990, a Kano Indiya ce ke cin yawancin dararen mako, a bar wa Canis da Amurka ragowar.

Namu na gida ma sun shiga. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, a 1991 kuma Sadiq Ɓalewa ya fito da Ƙasarmu Ce. Sai dai irin waɗannan ba su da yawa, don yin fim a kan naɗi kuɗi ne mai yawa.

Yadda fitilar ta mutu

Ba abu ɗaya ne ya kashe gidajen silima ba. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, gidajen silima na ciki. Gine-gine suka sauya hannu, amma finafinan har lokacin daga waje ake sayo su da kuɗin waje. Talabijin ta shigo gidaje, tashoshi suka fara nuna Indiya kyauta. Sai bidiyo, wanda ya ba matan aure damar kallon abin da a da sai labari suke ji. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, kuɗin hayar kwafi da kayan gyaran inji suka fi ƙarfin masu gidajen. Tsoron fita da dare ya ƙaru.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, aka buɗe sabon babi. Wasu gidajen suka ajiye manyan injina suka sayi na'urar haska bidiyo, suna nuna finafinan Hausa kafin su shiga kasuwa, abin ya ɗan farfaɗo da su. Amma na'urar bidiyo ba ta buƙatar gwani, kowa zai iya danna ta. Sana'ar da mutum ya yi shekara goma yana koyo ta zama ba a nema. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001, dokoki suka ƙara tsauri. Filayen da gidajen ke kai kuma suka yi tsada, sai aka ga rumfunan kasuwa da ɗakunan ajiya sun fi kawo riba. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe, aka rushe, ko aka sauya musu aiki.

Ma'aikatan suka watse. Wasu suka koma gyaran rediyo da talabijin, wasu wayarin, wasu gadi, wasu suka bi ayarin masu zuwa Abuja lokacin da ake gina ta.

Abin da ya rage mana

Yau in kana son silima a Abuja sai ka shiga gari, irin su Silverbird, inda kuɗin tikiti da na mota za su ci cefanen kwana biyu. Abin da talaka ke da shi a Kurudu da Jikwoyi da Karu da Orozo shi ne gidan kallo: rumfar kwano ko katako, benci a jere, talabijin biyu ko uku, janareto na ruri a baya. Ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifen za su kara, ba masaka tsinke. Ko mun so ko mun ƙi, gidan kallo shi ne jikan Rex da Wapa. Mai karɓar kuɗi a ƙofa, da yaron da ke rubuta wasannin yau a allo da alli, da mai shayin da ke gefe, duk aikin da aka yi a da ne ake maimaitawa.

To a nan ne El Duniya ta shafe mu. Naitiret ya tafi, amma fetur na nan. Masu gidajen kallo, don Allah a duba: ƙofa nawa rumfarka take da su? Waje suke buɗewa ko ciki? Ana sa sakata in an cika don hana 'yan leƙe? Ina jarkar mai take, kuma ana zuba wa janareto mai yana aiki? Wayoyin da ke bin rufi, wa ya ja su? Ƙofa ta biyu da bokitin yashi da abin kashe gobara ba za su kai kuɗin da ake samu a wasa ɗaya mai zafi ba. Masu unguwa da shugabannin matasa su ma suna da haƙƙin zagayawa su gani da idonsu. Kuskuren da aka yi a da shi ne, da aka ɗauki silima wurin 'yan iska, sai mutanen kirki suka ɗauke kai daga abin da ke gudana a ciki, alhali 'ya'yansu ne a kan bencin.

Abu na biyu, dattawan nan da suka yi aikin suna raye a cikinmu, amma kullum raguwa suke. Mai gyaran rediyon da kake wucewa a bakin hanya, wataƙila shi ya haska wa babanka Sholay. Matasanmu masu waya a hannu, ku je ku gaishe su, ku ce “Baba, a ba mu labari,” ku naɗi muryarsu da izininsu. Ku tambayi sunan gidan, da shekarar da suka fara, da wanda ya koya musu, da nawa ake biyansu. Mai tsohon tikiti ko fasta ko hoto a ƙasan akwati ya fito da shi a ɗauka. Gine-ginen sun riga sun tafi, ba mu da ikon dawo da su. Labarin kuwa yana hannunmu, muddin masu shi suna numfashi.